Kayan Tarihi Na Dawowa Daga Turai, Na Ɗakunanmu Kuwa Suna Tafiya Bola

  Yau za mu ɗan jingine maganar girki da reno, mu yi ta tsofaffin kaya da tsofaffin takardu, irin waɗanda kan cika mana ƙarƙashin gado har mu riƙa neman wanda zai raba mu da su.

Da yawa daga cikinku sun ji labarin kayan tarihin Binin. Cikin 1897 sojojin Ingila suka ci birnin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba, aka watsa su gidajen tarihi na Turai da Amurka. Bayan shekara fiye da 120 ana roƙo ana jayayya, sai aka fara dawo da su. A watan Yuli na 2022 Jamus ta sa hannu ta mallaka wa Nijeriya sama da guda 1,000 da ke hannunta, a Disamban wannan shekara kuma ministarta ta harkokin waje ta kawo kimanin 20 Abuja da kanta. A watan Yuni na 2025 ƙasar Holan ta dawo da guda 119, aka yi bikin karɓarsu a gidan tarihi na Legas.

Wannan abin murna ne, muna kuwa taya mutanen Binin farin ciki. To amma fa ku lura da abu guda. Abin da ya sa aka iya dawo da waɗannan kaya shi ne suna nan ajiye, an ba kowanne lamba, an rubuta shi a littafi. Abin da aka ƙwace, in yana nan, wata rana a iya karɓo shi. Wanda muka ƙona da hannunmu, ko muka ba ɗan gwangwan ya auna a sikeli, babu ministan da zai hau jirgin sama ya dawo mana da shi. Ra'ayina shi ne, littafin cinikin gidanku da kayan sana'ar iyayenmu mata su ma kayan tarihi ne, sun cancanci shiga gidan tarihi kamar yadda tagullar Binin ta cancanta, kuma mu mata ne Allah ya ɗora wa tsaronsu, domin a ɗakunanmu suke kwana.

DARASI DAGA MASU TANGARAN

Bari in ba ku misalin yadda waɗansu suka ɗauki irin wannan abu. A Ingila akwai wani kamfani mai suna Wedgwood, mai yin farantai da kofuna da butocin shayi na tangaran. Wani maginin tukwane, Josiah Wedgwood, shi ya kafa shi cikin 1759, 'ya'ya da jikoki suka gada.  Sun ajiye littattafan da yake rubuta gwaje-gwajen yumɓu, da littattafan zane, da na odar masu saye, da na albashin ma'aikata, da wasiƙun da yake aika wa abokin cinikinsa, har da gutsattsarin tangaran da aka gwada bai yi kyau ba. Da tafiya ta yi nisa, sai ga shi an tara abin da ya haura guda 80,000, aka yi masa gidan tarihi na kansa.

Cikin 2009 kamfanin ya karye. Bashin kuɗin fansho na ma'aikata, wajen fam miliyan 134, ya faɗo kan gidan tarihin, har kotu ta yanke hukunci cikin 2011 cewa ana iya sayar da kayan a rage bashin. Da an yi haka, da an watse su ɗaya ɗaya cikin gidajen attajiran duniya. Mutanen ƙasar suka ce ba su yarda ba. Cikin 2014 aka kafa asusu, aka tara fam miliyan 15.75, daga ciki akwai fam miliyan 2.74 da jama'a suka ba da gudummawa cikin wata guda. Aka saye kayan gaba ɗaya, aka danƙa su ga babban gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan, da sharaɗin za su zauna a Barlaston kusa da masana'antar, inda kowa zai iya zuwa ya gani.

Abin da ya fi shafarmu cikin wannan labari shi ne matar gidan, Sarah. An san cewa tana taya mijinta lissafi da rubuta gwaje-gwajensa, kuma yakan nemi ra'ayinta a kan siffar kaya kafin a kai kasuwa, tun da mata ne masu amfani da su. Ta yaya aka sani? Cikin wasiƙun mijin aka gani. Da an kunna murhu da wasiƙun nan, da yau sunan namiji kaɗai ake kira, aikin matar ya bi iska.

INA NAMU LITTATTAFAN?

To mu dawo gida. Mu ma fa ba baƙin ciniki ba ne. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Maza ke rini a karofi, maza ke bugu, maza ke fatauci. Amma zaren fa? Mata ne suka gurje audugar, suka shiɓe ta, suka zauna da mazari da alli da taskira suna kaɗi dare da rana, mai yin abawa na yi, mai yin siririn zare na yi. In babu kaɗin tsofaffin nan babu turkuɗi, babu kore, babu rawanin da ya ƙetare Sahara. Yau a gida nawa za ki shiga ki tarar da mazari? 'Yarki ta taɓa ganin taskira?

Haka zancen gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka kai ga dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta. Mata ne suke ɓare ta, su ne kuma suke matse mai su soya ƙuli-ƙuli. Babban kamfanin da ke saye, watau UAC, wanda aka kafa cikin 1929, littattafansa da hotunansa suna nan ajiye a ma'ajiyar kamfanin Unilever da ke Port Sunlight kusa da Liverpool. Ɗalibinmu da ke son sanin yadda aka yi cinikin nan, sau da yawa sai ya nemi biza ya je ya karanta littafin mai saye. Mai saye kuwa ribarsa da asararsa ya rubuta. Bai rubuta sunan matar da hannunta ya yi kanta wajen ɓarar gyaɗa ba, bai kuma rubuta abin da ta saya wa 'yarta da kuɗin ba.

Ku dubi gidan Ɗantata, wanda ko yaro ya san sunansa. An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji cikin 1877, ya yi fataucin goro, ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a Kano cikin 1955. Tarihinsa ya nuna cewa mahaifiyarsa, Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, kuma bayan rasuwar mijinta ta tafi birnin Akra, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan tsohuwar nan aka sami Ɗantata. Ashe kun ga gidan kasuwanci mafi shahara a ƙasar Hausa, mace 'yar kasuwa ce ta haifi mai kafa shi, sunan mace kuma yake amsawa. Wace ce cikinmu ba za ta so ta ga lissafin cinikin mace irin Amarya ba, ta san abin da take saye da abin da take sayarwa, da yadda mace take riƙe dukiya a baƙuwar ƙasa a wancan zamani?

Ba sai manyan gidaje ba. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina cikin 1967, ta ga yadda matan kulle suke sayar da hatsi da mai da dafaffen abinci daga cikin gidajensu, yara suna kai da kawowa, ta kira abin ɓoyayyen ciniki. A gare ta ne yake ɓoye. Mu mun san mai fura da mai daddawa da mai ƙosai da dillaliya da uwar adashi, mun san da kuɗinsu aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, aka biya kuɗin makaranta, aka je Makka. Amma in ba a rubuta ba, ba a ajiye ba, jikokinmu za su karanta a makaranta cewa matan Hausawa zaune kawai suke a ɗaka ana ciyar da su, kuma ba su da abin da za su nuna su ƙaryata.

YADDA SUKE SALWANTA

Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Alhaji mai kanti ko Hajiya dillaliya ta rasu, Allah ya jiƙan musulmi. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Ranar rabon gado a ƙirga gida da gona da zinariya da kuɗin banki, kowa idonsa na kai. Sai a zo kan wata tsohuwar jaka ko akwatin ƙarfe cike da littattafan bashi, da rasit, da wasiƙun ajami daga abokan ciniki na Agadas ko Kumasi ko Fort Lamy, watau Njamena ta yau, da tsohon fasfo na zuwa hajji, da hotuna. Wannan babu mai so. A ce wa matan gida su share ɗakin. Daga nan rabi ya tafi wajen hura wuta, rabi wajen mai ƙosai ta ƙunsa wa yara. Aikin shekara hamsin ya ƙare cikin yini guda, kuma da tsintsiyarmu aka share shi.

Kayan jere ma haka. Kakanninmu da ƙorai masu zane da faya-fayai suka yi jere. Iyayenmu suka zo da tasoshi da langa da fanteka da samira, da gadon ƙarfe mai rumfa, da adudu da fantimoti. Daga baya tangaran ya shigo, yanzu kuma sai kuloli da robobi. Duk wanda ya jera waɗannan kaya bi da bi, ya ba da tarihin kasuwar ƙasar nan da na aurenta ba tare da ya buɗe baki ba, domin jere shi ne bankin mace, in ta matsu ta cire kwano ta sayar. Yau kuwa tasar da kakarki ta yi shekara biyu tana kaɗi kafin ta saya, ɗan gwangwan zai karɓe ta ya ba ki bokitin roba wanda ba zai ga damina biyu ba.

Abin da ya tsira daga hannunmu kuma, gara da ɓera da ruwa da wuta suna jiransa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, babbar kasuwar Maiduguri da ake kira Monday Market ta ƙone a watan Fabrairu na 2023, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. An yi ta lissafin dukiyar da ta salwanta, amma littattafan ciniki da takardun gidaje da suka tafi ba su shiga lissafi ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Wajen 1943 aka tono wani kan mutum na yumɓu a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, wani ma'aikaci ya kai shi gonarsa ya kafa don korar ɓarna. Sai da ya kai hannun Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos cikin 1952, sannan aka gane aikin mutanen Nok ne na shekara fiye da 2,000. Wa ya san abin da ke ƙarƙashin gadonki?

INDA AKA ADANA

Kada wata ta ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa cikin 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'yan taru masu bin ƙauyuka suna karantar da mata. Rubuce-rubucenta sun kai gare mu ne domin zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun adana su, uba ya miƙa wa ɗa. A hannun Waziri Junaidu ne Jean Boyd ta sami damar duba su, har aka buga su a littafi guda cikin 1997, ita da Beverly Mack. Yau ana karanta Nana Asma'u a jami'o'in duniya, ana sa wa makarantu sunanta. Gida guda ne ya riƙe amana, duniya ta amfana.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, maginiyar tukwane ce ta ƙauye. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ga kyan aikinta ya tara tukwanenta a gidansa. A nan Michael Cardew ya gan su, har ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, cikin 1954. Ta rasu cikin 1984, amma tukwanenta suna cikin manyan gidajen tarihi na Ingila da Amurka. Ga kuma Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito cikin 1954, bayan rasuwar Baba, kuma har gobe duk mai son sanin zaman matan Hausawa kafin zuwan Turawa sai ya buɗe shi. Baba ba ta fi kakarki sanin duniya ba, mai saurare kawai ta samu.

MASU CEWA A'A

Na san akwai mai cewa, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ana fama da tsadar masara wa ke ta tsohuwar takarda? To uwargida, takardar nan tana da amfani tun kafin ta tsufa. Shari'a nawa ake yi a kotunanmu a kan gida ko fili ko rumfar kasuwa, marayu su rasa haƙƙinsu don an rasa takardar ciniki? Mace nawa ta zuba jarinta cikin kantin mijinta, da ya rasu aka raba duka a matsayin nasa, don babu inda aka rubuta? Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Sa'an nan littafin uwa makaranta ce ga 'yarta. A ciki za ta ga watan da hatsi ke araha, da yadda ake haɗa turaren wuta ko humra, da irin bashin da ya karya jarin gidan, don kada ta sake faɗawa ramin.

Wata kuma za ta ce, ai asirin gida ne, cikin littafin nan akwai sunayen mutanen da suka ci bashi ba su biya ba, kuma 'ya'yansu suna raye. Wannan magana ce mai nauyi, rufin asiri kuwa wajibi ne. Amma wuta ba ita kaɗai ce mai rufa asiri ba. Ma'ajiyar takardu ta ƙwarai takan karɓi kaya bisa sharaɗi, a rubuta cewa ba za a buɗe wa kowa ba sai bayan shekara kaza, ko sai da izinin gidan. Ana kuma iya ba da su ajiya kawai, mallaka tana hannunku. Game da gado, kada wata ta ɗauki abin da magada suka yi tarayya a kai ta bayar ita kaɗai. A nemi yardar kowa, a tambayi malamai, in kuwa abu ne mai kuɗi da ya faɗa rabon maraya, a bar masa kayansa, a ɗauki hotonsa kurum.

Akwai masu ƙyamar gidan tarihi suna cewa gidan gumaka ne. Mazari ba gunki ba ne, littafin bashi ma haka. Wadda ta shiga Gidan Makama a Kano za ta ga kayan yaƙi da na sana'a da hotunan ƙofofin gari, Gidan Arewa na Kaduna kuwa, wanda aka kafa cikin 1970 a gidan marigayi Sardauna, cike yake da takardu da littattafan malamai. Tsoron da na fi ganin dalilinsa shi ne na masu cewa kayan gwamnati ba su da mai su. Gaskiya ne an sha yin sata a waɗansu gidajen tarihi na ƙasar nan a shekarun 1980 da 1990, kuma kuɗin da ake ware musu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka kada ki miƙa kome sai an ba ki takardar shaida mai sa hannu da hatimi, an rubuta kayan ɗaya ɗaya, kin ɗauki hotonsu. In hankalinki bai kwanta ba, riƙe na asalin, ki ba su kwafe. Ko gobara ta ci ɗaya, ɗaya na nan.

ABIN DA ZA MU YI

Aikin ba ya cin kuɗi. Ki sami akwatin ƙarfe mai murfi, ki ɗora shi a kan benci ko bulo, nesa da bango da ƙasa saboda gara da danshi. Kada ki ƙulle takardu cikin leda, gumi zai sa su ruɓe. A naɗe su da farin ƙyalle mai tsabta ko a sa cikin ambulan. Ki cire allura da ƙarfen maƙala takarda domin tsatsa na cin takarda, kada kuma ki liƙe yagaggiya da salatif ko ki kai a manne ta cikin roba. A bayan kowane hoto ki rubuta da fensir sunan mutanen ciki da garin da shekarar, tun masu ganewa suna raye. In hunturu ya shigo ki fito da su su sha iska a inuwa, ki duba ko ƙwari sun shiga. Cikin kayan jere na da, ki ware ko da ɗaya ɗaya daga kowane iri, ki rubuta sunan mai shi da sana'ar da ta yi ta saya.

Yawancin iyayenmu ba su riƙe littafi ba. A ka suke lissafi, ko su ja layi da gawayi a bango, ko su tara tsakuwa. Littafinsu yana cikin ƙirjinsu, ranar da aka kai su makwanci an tafi da shi. To ga waya a hannun kowa. A sa 'yan mata 'yan makaranta su zauna da Iya ko Gwaggo ko Hajiya Babba, su ɗauki muryarta da izininta: wa ya koya mata sana'a, da nawa ta fara, nawa ne mudun gero a shekarar da aka yi mata aure, yaya aka yi da aka canja fam da sule zuwa Naira da kwabo cikin 1973. Ku kuma masu ciniki ta WhatsApp da Instagram, kada ku ce kun tsira. In waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, cinikin shekara biyar ya tafi, rasit ɗin na'urar cirar kuɗi kuwa 'yan watanni kaɗan rubutunsa ke gogewa. Ku sayi babban littafi mai bango, ku riƙa sauke lissafin kowane wata a ciki.

Saura kira ga hukuma. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, da hukumomin tarihi na jihohi irin na Gidan Ɗan Hausa a Kano da na Waziri Junaidu a Sakkwato, da ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, har da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, kada su zauna jiran abin da jirgi zai kawo daga Turai kaɗai. Su fita neman littattafan 'yan kasuwa da kayan sana'ar mata. Su tuna gidajenmu ba a shiga, don haka sai su ɗauki mata ma'aikata masu jin Hausa da karanta ajami, waɗanda za su yi sallama su shiga har ɗaka. Kowace shekara su buga jerin sababbin kayan da suka samu, da Hausa, a jarida da rediyo, tare da sunan gidan da ya bayar in ya yarda, kamar yadda manyan gidajen tarihi na duniya suke yi. Su keɓe rana ta mata. Ƙungiyoyinmu kuma, irin su Jam'iyyar Matan Arewa da FOMWAN, su sa wannan cikin ayyukansu, attajiranmu su taimaka da kuɗin akwatuna da na'urar ɗaukar hoton takardu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwa, mutanen Binin sun yi shekara fiye da 120 kafin su fara ganin kayansu. Namu ba su ƙetare teku ba, suna cikin kabad da ƙarƙashin gado da ɗakin ajiya. Wannan makon kafin ki kira ɗan gwangwan, ki buɗe akwatin nan ki duba, ki kira 'yarki ta zauna kusa da ke. Wadda kuma ta sami wani abin mamaki a ciki, ta rubuto wa wannan fili mu ji, don sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka sha wahala suka tara, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.